Jitar Mijina ta Bahago Ce

Anti, ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan faɗa wa a gidanmu. Wata biyar ke nan da rasuwar mijina, bayan shekara ashirin da biyu muna tare. Tun muna yara nake sonsa, layinmu ɗaya. Shi ne golan unguwa, ni kuma gudu nake yi a makaranta, har kofi na taɓa ciyowa. Yana shekara goma sha biyar ya ajiye safar hannunsa, sai ga shi da jita, yana kiɗan rok, wannan mai ƙara kamar ana dukan kwano. Da farko ciwon kai yake sa ni. Amma saboda shi na daina zuwa fili, na koma zama a garejin da shi da abokan kiɗansa suke gwaji, na haddace waƙoƙin da ban san ma'anarsu ba. Malamarmu ta wasanni sau biyu tana zuwa gida nemana, ina ɓuya bayan ƙofa.

Shi ba bahago ba ne, amma da hagu yake kaɗa jita. Na taɓa tambayarsa, ya ce yatsansa ne ya karye a gola. Ya kuma sha gaya mini cewa don ni ya bar ƙwallo, wai don ya riƙa yi mini waƙa. Na yarda, Anti, me zai hana?

Makon jiya 'yarmu ta ce tana son koyon jitar babanta, sai na kai wa mai gyara ya canza tsirkiya. Ya duba ya ce ai wannan tun daga ƙirarta ta bahago ce. Da ya kwance murfin bayanta sai ga sunan yayata a ciki, an zana da ƙusa, rubutun mijina ne, ba zan kasa gane shi ba. Yayata ita ce bahaguwar gidanmu.

Na je na same ta tana guga. Ba ta yi musu ba. Ta ce tata ce, ta zo da ita daga makarantar kwana, ita ta koya masa, ya so ta shekara uku ta ce masa ya yi mata yaro. Mahaifiyarmu ta sani, yayyenmu maza sun sani. Ni kaɗai aka bari ina tafi a gareji. Wannan yayar tawa ita ta riƙe ni ranar da ya rasu, ita take yi wa 'yata kitso. Yanzu ko wayarta ba na ɗauka. Ina kukan rashinsa, ina kuma jin haushinsa, kuma babu halin in tambaye shi. Shin ni ce aka ɗauka da aka rasa ta farko? In yanke hulɗa da ita, ko yaya zan yi?

Taki, Ƙanwar Bahaguwa

Ƙanwata, Allah Ya jiƙan mijinki, Ya ba ki haƙuri. Haushin da kike ji ba laifi ba ne. An yi miki ƙarya a kan yatsa, an kuma bar ki cikin duhu, kuma kin bar gudun da kike so a kan labarin da bai cika ba. Wannan ciwo ne, kada kowa ya ce miki ba komai.

Sai dai ki auna. Wanda ya zana sunan yaro ne ɗan shekara goma sha biyar. Wanda ya zauna da ke shekara ashirin da biyu magidanci ne, kuma babu wanda ya ɗaure shi ya kawo miki. A wasiƙarki ban ga inda ya juya miki baya ba. Ƙila kunya ce ta sa ya ƙirƙiro zancen yatsa, da tafiya ta yi nisa kuma ya kasa warwarewa.

Yayarki ta ƙi shi, ba ta ƙwace miki shi ba. Laifinta shiru ne, kuma da wuya mace ta san ranar da ta dace ta gaya wa ƙanwarta amarya irin wannan magana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki kira ta ku zauna ku biyu, ba da taron dangi ba. Ki gaya mata abin da ya fi ci miki rai, wato zama ke kaɗai ba ki sani ba. Ki tambaye ta sau ɗaya ko akwai wani abu tsakaninsu bayan aurenku. In ta ce babu, ki karɓa, kada ki koma tono. Jitar kuma ki ajiye ta tukuna, kada ki ɗora wa 'yarki wannan nauyi tana cikin maraici. Kin riga kin yi rashi ɗaya a bana, kada ki ƙara na biyu da hannunki. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya daidaita tsakaninku.