Ranar da Aka Kira Sunan Yaya Gwadabe

Sharaɗa, Kano
14 ga Yuli, 1987

Zuwa ga ƙanena Tijjani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Ibadan. Allah ya ƙara basira, ya sa a gama karatu lafiya. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Zaituna kuma ta yaye ɗiyarta.

Na karanta bayaninka cewa idan gwamnati ta cire hannunta, kasuwa za ta ba kowa daidai ƙoƙarinsa. Ka iya tsara magana, ba shakka zaman jami'a ya karɓe ka. To ga yadda rabon ya kasance a nan. Tun da aka karya darajar naira masaƙarmu ta kasa shigo da kayan gyaran inji, aka rufe wata biyu. Da za a buɗe, manaja ya ce mutum ɗari ake so cikin ɗari huɗu, kuma yanzu ba a duba daɗewa, kowa ya zo bakin get, wanda aka kira ya amsa shi zai shiga.

Ka san shekarar Yaya Gwadabe goma sha shida a ɗakin saƙa. Ƙarar inji ta cinye masa kunne. A ciki da hannu muke magana, shi ya sa mutanen ofis ba su taɓa lura ba. Akawu ya kira sunansa har sau uku. Ina ganinsa, mutum biyar ne tsakaninmu, yana tauna goro yana kallon ƙofa. Sai akawu ya ce a cike gurbin daga takardar 'yan jira. Sunana ne na farko. Na amsa.

Yanzu ni ke kan injinsa. Shi a zatonsa ba a kira shi ba ne. Jiya ma ya zo ya yi mini murna, har ya nuna mini yadda ake lallaɓa injin idan zare ya tsinke. Abin yana cina, ba zan ɓoye maka ba. 'Ya'yana shida, nasa takwas. Ka rubuto mini, in faɗa masa ko in yi shiru? Kada ka sa amsar a wasiƙar Inna, shi ke karanta mata.

Ka gaida Kawu Isyaku da Hajiya Mairama da yaran. Yaya Gwadabe ma ya ce in gaishe ka, in kuma faɗa maka kada ka damu da shi, tunda Allah ya sa ɗayanmu ya samu.

Yayanka,
Ɗahiru