Mai Garken

Lahadi da dare, farkon damina

Barci ya ƙi zuwa. Shanu na tuƙa, wata ya yi fari kamar nono cikin ƙwarya.

Ɗazu ƙanena Idi, da ya zo hutu daga lakwal, wato makarantar boko, ya ba mu labarun Turawan Ingila na dauri. Wai wani ya zare takobi don an ƙi tuɓe mishi hula, wani ya mutu kan alkawari, duka dai don girma. Baba ya yi dariya: "Idi, kai dai akwai baki!"

Ni ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin Baba ya kama sunana ba. "Kai, wane," shi ke nan. Na san al'ada ce, amma nakan ce ko bai gan ni ba ne.

Sai ga Kawu Bello, yana tambaya yaushe za a kai shanu kiwo can dajin Sanam, nesa da gonaki. Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Mi za ka tambaye ni? Ga mai garken nan zaune."

Na ce jibi, tun gero bai tashi ba. Baba ya gyaɗa kai, yana kallon ƙasa.

Mai garken. Ina ta maimaitawa a hankali, kada Idi ya ji.