Jan Salatif a Cikin Amfilifayar Baba

Yaya,

Kai ne ka buɗe cikin amfilifayar Baba shekara goma sha huɗu da suka wuce, ko ba kai ba ne? Ka yi haƙuri, tambaya ta riga sallama fitowa, ka san bakina. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba ta dafa bango. Auta ta gama jarrabawa, ta dame mu da surutu.

Ka tuna ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya jona jitarsa ya kaɗa, sauti ya fito a bushe, babu amsa-kuwwar nan da take mayar da ɗan falonmu kamar babban zaure? An ga kofin shayina a kan akwatin amfilifayar, shi ke nan aka yanke hukunci cewa ni na zubar da shayi a ciki. Tun ranar na zama Ɓarnau. Har yau in na shigo sai Kawu ya ce a ɓoye rediyo. Baba bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba, ya dai daina kaɗawa a gida. Da dukana ya yi da ya fi min sauƙi. Ya rasu yana ganin ni ne.

Watan jiya Mama ta ce tana marmarin jin sautin nan ko sau ɗaya. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ba wanda ya koya min. Tsofaffin littattafan lantarki na saya a bakin titi, na yi ta fama da su har na gane zanen da ke manne a cikin murfin. Sai da na sauke wutar da ke maƙale a kafasitoci tukuna, kada Mama ta rasa ɗa a kan jita. Ƙwayayen gilashin da ke cikinta, masu kama da ƙwan lantarki, duk suna kamawa. Sifirin biyun da ke cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, masu ba da amsa-kuwwar, lafiyarsu ƙalau. Ko ɗigon shayi babu, Yaya! Abin da na tarar, an cire rezista guda, 'yar abar nan mai daidaita ƙarfin wuta, an sa baƙuwa, an liƙa dalmarta a ƙafar da ba ita ba. Wayar da aka jona ta da ita an murɗe ta ta hagu, an naɗe da jan salatif. Bahago nawa ne a gidanmu? Wa yake naɗe komai da jan salatif, har marfin biro?

Na zauna a ƙasa, ba irin zagin da ban yi maka ba a raina. Da na huce na sake duba zanen, sai na gane nufinka. So ka yi sifirin su sami ƙarin ƙarfi, amsa-kuwwar ta cika kunne. Kyauta ka so yi wa Baba. Dabararka daidai take, ƙafa ɗaya ka kuskure, tsoro ya ɗinke maka baki. Don haka ban mayar da ita yadda take a da ba. Rezistarka na bari, dalmar kawai na matsar. Da na kaɗa, Mama ta fito daga kicin da kumfar sabulu a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Daga baya ta ce ko a hannun Baba ba ta taɓa yin daɗi haka ba, wai yau Ɓarnau ya gyara ɓarnarsa. Na haɗiye maganata. Ba daga bakina ya kamata ta ji ba.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan 'yan biyu. Mama da Kawu da Auta suna gaishe ka.

Kada ka kira ni a gefe, wallahi ba zan ɗauka ba. Ranar Asabar, in mun haɗu a kiran bidiyo na gida, ga Mama ga Kawu, ka faɗa da bakinka wanda ya kashe amsa-kuwwar Baba. Ni kuma zan faɗa musu dabarar wa ce ta tsayar da Mama a bakin ƙofa. Sannan ka kira ni da sunan da Baba ya raɗa min, kowa yana ji.

Ƙaninka,
wanda ake kira Ɓarnau zuwa ranar Asabar