Na koya masa amsa laifi, yanzu ina tsoron ya amsa

Anti Verna, ki taimake ni, wa'azina ya juyo kaina.

Ni ce ke koyar da yara a coci ranar Lahadi, kuma ko alewa yaro ya ɗauka sai na tsayar da shi ya faɗa da bakinsa. Haka na rene ɗana Alcide. Ya fasa wa wani muƙamuƙi a wajen rawa, ga shi shekaru sun shuɗe yana tsare ba a fara shari'a ba. Yau a ɗaga, gobe a ɗaga. Ana cikin jiran nan dattijon da ya ga cewa mutumin da aka fasa wa muƙamuƙin ne ya fara zaro wuƙa ya rasu.

Mai gabatar da ƙara ya ce in ya amsa laifi za a sassauta masa. Ni sarkin rawar kai na miƙe a taron addu'ar Laraba na shelanta cewa ɗana zai amsa, don ban haifi maƙaryaci ba. Aka yi mini tafi, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗinsa. Sai lauyarsa, Misis Guidry, ta zaunar da ni. Ta ce ta nemi a kori ƙarar saboda jinkirin, alƙali ya ƙi, kuma in ya amsa haka kawai, kotun ɗaukaka ƙara ba za ta saurari maganar jinkirin ba. Na yi mata wa'azi har kofinta ya huce. Na dawo gida na ƙona jan wake.

Alcide ya ce abin da na faɗa shi zai yi. Ina ma ya yi mini taurin kai sau ɗaya. In na ce kada ya amsa, da wane ido zan dubi matan coci?

Uwa mai wa'azi, daga garin Opelousas

'Yar'uwa, lauyar ba ƙarya take koya wa ɗanki ba. A yawancin kotunanmu, wanda ya amsa laifi ba sharaɗi ya yafe kokensa na jinkiri, ko da shaida ya mutu a cikin jiran. Ki tambaye ta ko zai iya amsawa da sharaɗi, wato a bayyana gaban alƙali cewa ya riƙe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara kan jinkirin. Ba kullum ake yarda ba, kuma ko an yarda, ba lallai ya yi nasara ba. Ƙin amsawa ma yana da nasa haɗarin, don in shari'a ta kama shi hukuncin zai iya fin wannan.

Tarbiyyarki ba ta da aibi, amma gaskiyar ta haɗa da wuƙar nan da shekarun da aka cinye masa. Matan coci kuwa a gadajensu za su kwana. Ki ziyarce shi, ki ce kin janye umarninki, ya zauna da lauyarsa ya zaɓa. Allah ya kawo masa sauƙi, ke kuma ya ba ki ƙarfin yin shiru ranar da zai yanke shawara.

Anti Verna