Wando ko Shaƙewa

Kano

Nana Firdausi,

Bayan sallama, ina fata kuna lafiya ke da Gwaggonki Wasila a unguwar Hor Al Anz.

An nuna mini hotonki a kan dandamali, da wando da gashin baki na gawayi. Karatun adabin Turanci na tura ki Dubai, ban tura ki zama namiji ba. Ni ma na karanta wasanninsu na dā a sakandare. Masu ban dariyar shashanci ne, budurwa ta yi shigar maza ta bi saurayi daji, a ƙare da biki, ba wanda aka hukunta. Masu ban tausayin su ke da tarbiyya, mai kwaɗayin mulki ya ga ƙarshensa. Ki koma can, ko ki dawo gida.

Allah ya shirye ki.
Mahaifiyarki

Dubai

Umma,

Ina gaisuwa da ladabi. Na bi umarninki, duk da maki arba'in na jarrabawa a kan wasan suke. Malama ta mayar da ni rukunin ban tausayi. Ni ce matar kirki da aka yi wa ƙazafi. Mijin zai shaƙe ni a gado, in kwanta gawa cikin farin zane minti ashirin, shi yana ta jawabi. Gwaggo ta kalli gwaji, ta fita da kuka.

'Yarki,
Nana

Kano

Nana,

Lafiya lau muke. Wace irin tarbiyya ce wannan? Me matar ta yi? A wanda muka karanta mugu ne ya mutu! Kuma ina raye ki kwanta a farin zane, jama'a na tafi? Ki je ki ba Malamar haƙuri, ki karɓi na farkon. Aƙalla can aure ake ɗaurawa.

Mahaifiyarki

Dubai

Umma,

Barka da Juma'a. Khalas, magana ta ƙare, an ba wata 'yar ajinmu Najiba wandon, har ta haddace jawabanta. Malama ta ce haka tsarin yake: a na ban dariya iyaye kan sauko da wuri, a na ban tausayi sai an makara. Wallahi ita ta faɗa, ba ni ba. Ranar Asabar zan mutu, inshallah.

A gaida Kaka.
Nana

Kano

Nana,

Ki daina rubuta mini "zan mutu", kuma da inshallah. Ki yi wasanki, ki sa mayafi, kada ya taɓa wuyanki da gaske. Da an rufe labule ki tashi ki kira ni, in ji muryarki.

Mahaifiyarki