Hoton da Inna Ta Nema

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya ba ki ladan jinyar da kike yi ke kaɗai, ni da na girme ki ina nesa ina ba da shawara ta waya. Ni ma ina nan, ba laifi. Aikin lambun gidan tsofaffin nan nake yi har yanzu: in share ganye, in juya ƙasa, in tura baro, in koma ɗakina in dafa abin da zan ci a tsaye. Wani lokaci sai in yini ban buɗe baki ba sai a salla.

Saƙonki ya iso. Kin ce likita ya tabbatar hasken idon Inna tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba. Kin ce kullum sai ta tambaye ki hotona, ta ce ta gaji da tsuntsayen da nake turowa, ɗanta take son gani tun tana iya gani. Kin kuma gaya mini abin da Yaya Babba ya faɗa a gaban mutane, wai na ƙoshi ne, har na sami lokacin bin tsuntsu da kyamara. Maganar ta yi mini ciwo, don bai taɓa kira ya tambayi yadda na kwana ba. Amma ban ga laifinsa duka ba. Shi yake ɗaukar Inna zuwa asibiti, kuma bai san abin da ke kika sani ba. Ke kaɗai kika ga yadda ɓarin fuskata na hagu ya saki tun ciwon bara, baki ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa sosai. Ni na roƙe ki ki rufa mini asiri, kin kuwa rufa, har ana zagina a gabanki kina haɗiyewa.

Bari in gaya miki yadda tsuntsun ya shigo rayuwata, don kada ke ma ki ɗauka ƙoshi ne. Ɗan ƙarami ne, bai fi gwara ba, bayansa ruwan ƙasa, amma daga maƙogwaro zuwa ƙirji ja ne kamar garwashin da aka hura. Jan-ƙirji nake kiransa. Ba a nemansa, shi yake zuwa. Da zarar ka kafa shebur ka juya ƙasa, sai ka gan shi a kan reshe yana leƙe, yana jiran tanar da ka tono. Idan ka ja da baya ka tsaya cak, sai ya diro ya ɗauka, wani lokaci ma ya hau kan ƙotar shebur ɗin ya karkata kai yana kallonka. Bayan na fito daga asibiti mutane sun koyi kallon kafaɗata idan suna yi mini magana, don kada su ba ni kunya. Shi kam ido cikin ido yake kallona, don ba fuskata ta dame shi ba, tana yake so.

Wanda ya koya mini ɗaukar hotonsa wani tsoho ne da muke aiki tare, Mai Tabarau muke ce masa. Shi duk duniya ba abin da ya sani sai tsuntsaye, sunan jikokinsa ma sai ya yi tunani. Ya ara mini tsohuwar kyamararsa, ya ce in dinga durƙusawa har idona ya yi daidai da na tsuntsun, in bar rana a bayana, kuma in saita a kan ƙwayar idonsa, sauran duniya ta yi abin da ta ga dama. Da haka na sami abin turo wa Inna duk lokacin da ta ce in turo hoto.

Da na karanta saƙonki, na miƙa wa Mai Tabarau kyamarar na ce yau ni zai ɗauka, don mahaifiyata. Na wanke fuska, na gyara hula, na tsaya riƙe da shebur. Yana ɗaga kyamara sai ga Jan-ƙirji ya sauka a kan ƙotar, dab da hannuna. Tsohon ya ce mini a hankali kada in ko numfasa. Ya ɗauka, ya zo da murna yana cewa tun da yake bai taɓa samun irin wannan ba. Na duba. Tsuntsu ya fito tas, har gashin ƙirjinsa za ki iya ƙirgawa. Ni kuwa ina baya dishi-dishi, hula da inuwar mutum kawai. Hannunsa ya saba, ya manta wa aka ce ya ɗauka. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, da wannan bakin nawa.

Auta, wallahi na yi murna da hoton nan. Na ce shi ke nan, ga ni a ciki, ba wanda zai ce ban turo ba, kuma ba abin da ya fito. Har na rubuta sunanki zan tura. Sai na tuna wa za a nuna wa. Inna za ta kawo shi kusa da fuska, ta ga tsuntsu, ta nemi ɗanta ta rasa, kuma ba za ta ce hoton ne bai yi ba. Cewa za ta yi idon ne ya ƙarasa. Za ta miƙo miki, ta ce ya yi kyau, don kada ta tayar miki da hankali.

Na koma na sami Mai Tabarau, na ja shi bayan ɗakin ajiya inda ba ƙasa ba reshe, na ce ya saita a kan idona, na hagun. Shi ne hoton da ke tare da wannan wasiƙa. Ki kai a wanke shi babba. Ki nuna mata da hantsi a bakin taga, kuma ki fara gaya mata gaskiya kafin ki miƙa: ciwo ne, ya zo ya wuce, ina ci ina aiki. Ki nuna wa Yaya Babba shi ma, na sauke miki wannan kayan. Idan ta yi kuka ki ƙyale ta ta yi, kada ki karɓe hoton daga hannunta. Ta riƙe shi muddin tana iya gani.

Ki gaishe da Kawu da Gwaggo, da Yaya Babba da iyalinsa, da maigidanki, ki shafa mini kan yara. Ki ce wa Inna ranar da ta gani zan kira, kuma wannan karon zan buɗe kyamarar wayar.

Yayanki na nesa.