Kogi Ya Zagayo Ta Bayan Gari

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya haƙuri da zaman daji? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, yara suna ta makaranta, Inna kuma tana nan da ciwon ƙafarta, yau da sauƙi gobe ta motsa. Tunda kamfaninku ya kai ku aikin hanya inda waya ba ta kamawa, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare.

Ka gyara zama, don maganar da zan gaya maka da hannunka dumu-dumu a ciki. Ka tuna ɗan rafin bayan gari, wanda akuya ke tsallakewa da rani ba ta jiƙa kofato ba? Ka tuna yadda ka tara matasa kuka haƙe bakinsa, don ruwa ya riƙa shiga gonakin albasa? Aka yi ta sa maka albarka, kana tafe kana hura hanci, ko gaisuwata da ƙyar kake amsawa. To, ambaliyar bana ta tarar da ƙofa a buɗe, ta shige abinta. Yanzu rafin nan sai da kwale-kwale ake ƙetare shi, babban kogin gaban gari kuwa yashi ya fara cinye shi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Makon jiya sakataren gunduma ya zo wurin mai gari, ya yi mana bayani. Ashe iyakarmu da gundumar tsallake ba dutse ba ce, ba bishiya ba, kogin ne da kansa, kuma doka ta ce inda ruwa ya fi zurfi da rani nan ne iyaka. Tun kaka da kakanni zurfin yana gabanmu, shi ya sa muke wannan ɓangare. In ya tabbata ya koma bayanmu, mun zama mutanen tsallake muna kwance a ɗakunanmu. Ya ce 'yan safiyo za su zo daga babban birni su auna, da zarar ruwa ya gama ja da baya.

Mutanen tsallake har sun fara murna. Ka san gundumarsu, faɗi ba mutane, tudu ne da makiyaya jefi-jefi, mu kuwa duk bakin kogin nan babu ƙauyen da ya kai mu jama'a. Da yawan kai ake raba kaso daga sama, kuma kawunanmu suke so su ƙidaya, ciwon kan ba ruwansu da shi. Hedikwatarsu sai ka kwana a hanya kafin ka kai, tamu kuwa da hantsi ka isa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta wannan gunduma. In gari ya fita daga hannunsu za su rufe ɗakin shan magani, su kwashe firjin allura da gadon haihuwa, ni kuma su tura ni can ƙauyukan tudu. Na ɗan taɓa wa Inna maganar, ta ce ita da gidan nan sai dai a fitar da gawarta, marigayi Baba yana kwance a maƙabartar bayan gari, ba za ta bar shi ba. Ban ga laifinta ba. Amma wa zai gasa mata ƙafa, wa zai tashe ta shan magani? In na ajiye aiki na zauna, ka san halin da gidan zai shiga. In na tafi na bar mahaifiyarka ita kaɗai, da wane ido zan kalle ka? Wallahi tsoro nake ji, kuma ina jin haushinka kaɗan, gara in faɗa maka.

Yara suna gaishe ka, Inna ta ce Allah ya tsare. Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Maman yara


Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan. Taka ta iso hannun direban tifa, na karanta na sake karantawa. Na ga inda ka ce ba kai kaɗai ka riƙe shebur ba. Gaskiya ne, amma lokacin yabo ban ji ka tuna da sauran ba.

Abubuwa sun yi ta faruwa. Ma'aikatan tsallake sun shigo gari da gwangwanin fenti, suna bin gida-gida suna rubuta lamba, tun ba a auna komai ba. Yanzu ƙofarmu lamba biyu gare ta, baƙa ta gundumarmu, ja tasu. Da suka tambayi Inna mu nawa ne a gidan, ta ce musu an riga an ƙidaya ta a wancan zuwan, ita kuma ba ta ƙaru ba. Suka yi dariya suka wuce. A wurin aiki kuwa ba dariya, don ofishin lafiya ya dakatar da turo mana magani har sai an san na wa ne mu. Mata suna zuwa awo ina ba su haƙuri.

Mai gari ya tara jama'a a ƙofar gidansa aka yi ta kai-kawo. Masunta suka ce a toshe bakin rafin, ruwa ya koma hanyarsa ya wanke yashin da kansa. Manoman albasa suka tada jijiyar wuya, don shukarsu ta yi kore shar, in aka toshe ta mutu. Abokinka mai shago ya fi kowa hayaniyar kada a toshe, har sai da matarsa, da cikinta ya tsufa, ta aiko masa daga gida cewa in naƙuda ta zo shi zai goya ta zuwa hedikwatar tsallake. Mai gari bai yarda a taɓa komai ba sai da ya je ya tambayi sakatare ko hakan ya saɓa doka. Sakatare ya ce ramin da kuka haƙa da hannunku ba da izinin kowa ba, wa zai hana ku mayar da shi yadda kuka same shi?

Baban yara, da ka ga aiki! Maza suna cika buhuna da yashi, mata muna ɗauka a ka, har malaman makaranta da naɗaɗɗen wando. Muka jera buhuna tun safe har la'asar, muka koma gida muna yaba kanmu. Washegari ko ɗaya ba mu tarar ba, ruwa ya yi awon gaba da su. Na zauna a gaɓa na yi kuka, ban ma damu da masu kallo ba.

Sai masunta suka ce a kafa turaku a jere, a nutsar da wani abu mai nauyi a gindinsu, sannan buhuna su samu abin jingina. Ana cikin neman abin nutsarwa Inna ta aika aka kira mai gari, ta ce a ɗauki tsohon jirgin Baba. Ka san jirgin nan, ko kaza ba ta yarda ta hau kansa. Aka cika shi da duwatsu aka nutsar, ita tana zaune a ɗaki ta ƙi fitowa. Wannan karon toshiyar ta tsaya. Ruwa yana ɗan tsiyaya ta gefe, amma ƙarfinsa ya koma gaban gari.

Ko zai ci yashin kafin 'yan safiyo su zo, Allah kaɗai ya sani. Kullum da safe sai na bi ta gaɓa na leƙa kafin na buɗe ɗakin magani, sai ka ce kallona ne zai ƙara masa zurfi. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Maman yara


Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya abokan aiki? Ba zan ja ka da doguwar gaisuwa ba yau. Alhamdulillahi, muna nan inda muke! Kogi ya bar mu a gundumarmu.

'Yan safiyo sun zo jiya, wata mata ce ma shugabarsu, ba ta da yawan magana. Suka shiga jirgi ɗaya da wakilinmu da wakilin tsallake, kowa yana hararar ɗan'uwansa. Gari kaf ya fito gaɓa, ko wuta ba a hura ba a gidaje. Suka fara da bayan gari, suna zura sandar awo suna rubutawa, sannan suka zagayo gaba. A gaban nan, duk inda sanda ta nutse sosai sai jama'a su ɗauki sowa, inda ta tsaya a kan yashi sai ka ji tsit. Wakilin tsallake ya yi ta nuna musu tudun yashi, namu yana jan matuƙi wajen kwari, har matar ta daka musu tsawa su biyun suka zauna kamar yara.

Da suka fito ta faɗa a gaban kowa cewa tsohon kogi ya fi zurfi, amma da ƙyar, bambancin bai wuce tafin hannu ba. Ta kuma ja kunnenmu a kan sake taɓa bakin rafin nan ba da sanin hukuma ba, na ce a raina mai laifin yana daji. Na zauna daɓas a kan yashi da farar rigar aikina. Sakatare ya ce magani zai iso mana cikin makon nan.

Ba a ci nasarar a banza ba. Albasa duk ta bushe, har da taka, kada ka dawo kana tambaya. Mai gari ya ce za a nemi gunduma ta sa bututu mai ƙofa a bakin rafin, a yi abin bisa ƙa'ida. Haushin da nake ji naka ya wuce, ka daina rubuto ban haƙuri. Ruwa ka so kawo wa mutane, na sani.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na kasa jira sai da na rubuto yau. Da na dawo daga gaɓa na shiga ɗakin Inna da gudu in yi mata albishir. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ɗakin wayam. Kayanta duka a ɗaure, zannuwa a ƙunshi ɗaya, kwanuka a cikin buhu, har tabarmar sallarta a naɗe. Ta ce tun da safe, muna can wurin awo, ta dogara sanda ta je ta yi wa Baba sallama. Wai ta yi tunani ta ga shi ba abin da zai ƙara samunsa, ni kuwa ba za ta bari in tafi tudu da yara ni kaɗai ba, kuma ba za ta zama sanadin ajiye aikina ba. Ta ɓoye mini ne don kada in hana ta.

Na gaya mata ba inda za mu. Ta goge ido da bakin zane, sannan ta ce to me nake jira, in zo in kwance mata kayan, ɗaurin ya yi tsauri kuma yatsunta ciwo suke. Tare muka mayar da komai wurinsa, ina kuka tana yi mini faɗa wai na ajiye kwanukan a karkace.

Ka yi ƙoƙari ka zo ƙarshen wata, ta yi kewarka ko da ba za ta faɗa ba. Ni ma haka. Yara suna gaishe ka da kyau, Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har abada,
Maman yara